Sojojin Dalma a Bakin Birgi

A bayan wata tsohuwar mota da na tuƙo daga Kwatano na tsinci akwatin. Sojoji ne na dalma, kowane bai kai ɗan yatsa tsawo ba, an yi musu fenti har gashin baki, ga ɗan littafin dokokin wasa. Mai motar ya ce in zubar. Na kai wa yayana, don shi ne mai karatun gidanmu. Shekara da shekaru yana koyar da tarihi a nan Gaya, kowa Mushe yake ce masa, wato malam da Faransanci.

Shi ya raba su gida biyu. Ya ce masu jan garkuwa mutanen Birtaniya ne da Rumawa suka mulka, suka koya musu komai, sannan suka tattara nasu ya nasu suka bar su. Masu gatura kuma Saksawa ne, sun zo ta ruwa cin ƙasa. Ya ɗauki waɗanda aka bari, ni ya miƙo mini ƴan fashin, wai sun fi kama da ni. Mukan shimfiɗa shuɗin zane a kan tabur ya zama kogi, mu auna tafiya da igiyar awon tela, mu jefa ɗan ƙwayar wasan lido. Kullum ni ke cinye shi, don shi sai ya tsaya tsara sahu da dogon bayani, ni kuwa afkawa kawai na iya.

Sai ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ta yi nauyi, abinci sai an lallaɓa. Likita ya ce a riƙa sa shi motsa hannun, in ba haka ba zai ƙage. Ya ƙi komai, ban da sojojin nan. Bayan la'asar yakan ja hannun da ƙyar ya tura mahayi ɗaya, gumi na zuba. Wasan nan kaɗai ya rage masa, kuma na sani.

A shekarar ce aka rufe gadar kan iyaka. Kamiyon da nake ja, babbar motar kaya, ya tsaya a tasha har ciyawa ta fito a ƙarƙashinsa, ga gida biyu a kaina, nawa da nasa. Surukina masunci ya ba ni aron tsohon birgi, ragar kamun kifi da ake jefawa, amma an cire duk dalmar bakinsa, kuma birgi marar dalma yawo kawai yake yi a kan ruwa. Dalmar daga ƙetare take zuwa, ta yi wuya a kasuwa. Kwana uku ina kallon akwatin kafin in buɗe.

Da Saksawa na fara, ina gaya wa kaina ai nawa ne. Na zuba goma a gwangwanin tumatir na ɗora a gawayi. Fentin ya yi wani irin wari, fuskokin suka narke kafin ƙafafun. Sati na zagayowa na ƙara goma. Yaya ya cinye ni sau uku a jere, yana dariya da rabin baki, ni ina ta yaba dabararsa, munafuki kawai. Na ji kunya, amma mun ci kifi.

Wata Laraba muka jera, sahuna bai kai rabin nasa ba. Ya daɗe yana duban tabur ɗin, sannan ya dubi ƙunar da ke babban yatsana.

"Birgin ya cika?" ya tambaye ni.

Na ce, "Saura gefe ɗaya, Yaya."

Ya ɗora shanyayyen hannun a bayan mahayansa, ya turo su duka ƙetaren shuɗin zanen. Ya ɗau lokaci, ban taya shi ba.

"Masu doki sun fi nauyi," in ji shi. "Ka fara da su."

Na ce a bar su, zan nemi wata dabara. Ya juya fuskarsa bango. Da safe na narkar da su, don babu wata dabarar.

Bai sake cewa a kawo tabur ba. Na gwada jera masa tsakuwa da murafen kwalba, ya ce shi ba yaro ba ne. Kafin damina ta fita yatsun sun dunƙule, ko da ruwan ɗumi ba sa buɗuwa, kuma a haka muka yi masa wanka muka kai shi makwancinsa. Birgin yana nan, har yau ina jefa shi a ƙasan gada, kuma ban taɓa ganin mai saurin nutsewa kamarsa ba.