Edna Raistrick da Jan Wardi

A Skelbeck aka haifi Edna Raistrick, a nan ta yi ƙuruciya a masaƙar auduga har injuna suka cinye mata rabin ji. Da mijinta ya rasu sai ta buɗe shagon soya kifi da dankali a gindin gada. Mace ce gajera mai kauri, ba ta iya ɓoye raini ba. In ta raina ka, tun daga yadda za ta barbaɗa maka gishiri za ka gane.

A shekarar 1974 wasu masu farar riga a birni suka shimfiɗa taswira suka ja layi. Gari ya waye aka ce Skelbeck ta bar gundumar Yorkshire, ta koma Lancashire. Ma'aikata suka zo da mota, suka tuge allon bakin gari mai hoton farin furen wardi, alamar Yorkshire, suka kafa sabo mai ja, alamar Lancashire. Edna ta ce waɗanda suka ja layin ko kwatance aka yi musu ba za su iya kawo kansu garin ba.

Ba su ne suka fi ƙona mata rai ba. Clifford Hebden ne, mijin ƙanwarta Doreen. Shi ya fi kowa ɗaga murya a mashaya lokacin da maganar ta fito, yana cewa sai dai a bi ta kan gawarsa. Da aka ba shi kujera a sabuwar majalisa sai ya sayi kwat, ya fara yi wa mutane bayanin amfanin ci gaba.

Wata Lahadi da aka taso daga coci, Edna ta ɗauki ragowar fentin shagonta da tsani, ta shafe jan furen ya koma fari, mutane na tsaye suna kallo. Majalisa ta aiko aka maida shi ja. Ta sake hawa. Haka aka yi ta yi har Clifford ya zo shagon da kansa, ya ce tana zubar masa da mutunci a gaban abokan aiki.

Ko ɗago kai ba ta yi daga kaskon ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, Kansila. Ashe kana nan da rai? Na ɗauka sun bi ta kan gawar taka."

Aka kai ta kotu. Alƙali ya tambaye ta inda take zaune, ta ce Skelbeck, Yorkshire. Ya gyara mata, ta nuna kunnenta ta ce masaƙa ta kashe shi. Da ya gaji ya yi mata gargaɗi ya sallame ta. Doreen ta daɗe ba ta taka shagon ba, kuma wannan ya yi wa Edna ciwo, ko da yake ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Shekaru suka tura, masaƙar ta rufe, masu yawon buɗe ido suka fara zuwa neman tsohuwar Yorkshire. Sai ga Clifford, ya yi furfura, ya kafa ƙungiyar kare tarihin gunduma, shi ne shugaba. Ya samo izinin kafa allo mai farin wardi kusa da mai jan. Aka gayyaci 'yan jarida, ya aiko wa Edna cewa ita za ta yanke ƙyallen buɗewa ranar Asabar, kowa kuma ya manta da abin da ya wuce. Ta ce a gaya masa ranar Asabar ranar ciniki ce.

Aka yi biki ba ita. Clifford ya yi jawabi a kan gwagwarmayar da ya sha, har muryarsa na rawa. Da aka watse jama'a suka cika shagon, shi ma ya shigo layi da farin wardi a ƙirjin kwat. Edna ta sallami na gabansa da na bayansa, ta ba Doreen babban yanki mai zafi, sannan ta kankaro masa ƙonannen dankalin da ya rage a gindin kasko ta naɗe a takarda. Ya karɓa ya cinye a tsaye.