Yadda Ɓera Ya Raɗa wa Ekip ɗin Garinmu Suna

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba ta Gizo ba ce, da idona na gani, da hannuna kuma na yi ɓarnar.

Ranar wata Juma'a ce da hantsi, bayan an cire gyaɗa, shekarar da aka haƙa rijiyar siminti a ƙauyenmu na ƙasar Guci. Ina da shekara tara ko goma. Na hau rumbun Inna na zura hannu cikin damman hatsi don in ɗauko balo, wato ƙwallon samarin garinmu, sai yatsana ya faɗa cikin rami. Na jawo balon waje. Ɓera ya ci fatar, wuri kamar tafin hannuna, robar ciki ta leƙo baƙa ƙirin. A ranar kuwa da la'asar samarin Mallawa za su zo wasa, an ɗaure rago a gindin gawo don wanda ya ci. Ƙa'idar lokacin, masu masauki ke kawo balo. In ba su kawo ba, an cinye su ke nan, baƙi su ja ragonsu.

Balon nan shi kaɗai ne a garin. Yayana Habu ya kawo shi daga cirani a Kano, kafin nan ƙwallon tsumma suke bugawa a saurar Baba, bayan sun share kara sun tsince ƙaya, sun kafa itacen turke biyu a kowane gefe. Ni ya ba ajiya, ya ce, "Hajo, ke ba ki da wasa, riƙe mini." Na riƙe da gaske. In na gama surfe da ɗiban ruwa, 'yan'uwana na can suna gaɗa, ni ina goge balo da bakin zane. Da na ga fatar ta fara bushewa, sai na tuna yadda Inna ke shafa wa gugan fata mai kada ya tsage. Na saci man gyaɗa daga tukunyar ƙuli-ƙuli na shafe shi tas, na ɓoye a rumbu. Ashe abinci na dafa wa ɓera.

Ban gaya wa Inna ba. Na naɗe shi a zane kamar goyo, na bi bayan shinge zuwa rumfar Baba Ilu baduku, ina kuka. Ya shinshina balon, ya dube ni. "'Yar nan, saura ki sa masa gishiri da yaji," in ji shi. Ya latsa robar a kunnensa ya daɗe yana saurare. Can ya ce ba ta huje ba. Fatar da ke gare shi ja ce ta akuya, wadda yake ɗinkin kube da ita. Da ita ya yi facin, yana ɗinki har aka kira sallah.

Da Yaya Habu ya gani, sai ya buga shi da ƙasa. Balon ya tashi. Ya sake bugawa, ya tashi. Sai ya ɗora hannu a kaina. 'Yan Mallawa suka yi ta tsiya, "Kai, masu jan faci, balonku ya yi kaciya ne?" Haka aka yi ta fafatawa ƙura na tashi, har rana ta yi ja, Yaya Habu ya sa wa jan facin nan kai ya shige tsakanin turaku. Ragon a garinmu aka soya shi, aka ci tare da baƙin.

Sunan tsiyar ya zauna wa ekip ɗinmu, wato ƙungiyar ƙwallon garinmu. Jan Faci suka ci 'yan garin Kwaya, suka je Dungas a amalanke suka dawo da kofi, wata shekara har Magarya aka kira su. Yau jikokina na da riguna iri ɗaya da takalma, balo kuwa in ya fashe babur ke kawo wani kafin a sha ruwa. Amma kowace riga da ɗan jan ƙyalle a ƙirji, yawancinsu ba su san dalili ba.

Baba Ilu ya rasu, rumfarsa ta zama wurin cajin waya. Yaya Habu ya makance, ana jansa bakin fili ya saurari ihu. Ni ce nake ɗinka musu jan ƙyallen, muddin idona na ganin kafar allura. Har gobe in na ji ƙamshin man gyaɗa, sai na ce alhamdulillahi da ɓeran nan bai kai ga roba ba.