Inda Wayar Alhaji Ta Ƙare

Jama'a, yau na sha kunyar da ban taɓa sha ba! Har yanzu kaina bai dawo daidai ba, wataƙila na rikita wani abu.

Wani Alhaji mai motocin haya a Gwaram ya yi min alkawarin aikin ofis. Na taso daga Birnin Kudu da takarduna. Ya ce sai na fara gyara masa tsohuwar kwamfutarsa, mai shiga intanet ta layin tarho. Direbobinsa na kan benci suna kallo.

Na kunna. Modem, na'urar da ke haɗa ta da layin, ko ƙara bai yi ba! Na cire wayar layin, na mayar. Na sake lambar kira. Shiru! Ina jin na kai awa uku.

Na ce, "Alhaji, anya ba layin ba ne?"

Ya ce, "Kai ne mai digiri, Malam."

Sai na bi wayar. Ta fita ta taga, ta zagaya bayan gida. Wallahi a wuyan akuya ta ƙare!

Direbobi suka bushe da dariya, wani har da faɗowa daga benci. Ashe layin ya daɗe da mutuwa, kowa ya sani.

Alhaji ya ce, "Ka fi wanda ya zo neman aiki makon jiya, shi har la'asar bai gano ba."

Na ce, "To aikin fa, Alhaji?"

"Ɗan ƙanwata ya fara tun Litinin."

Waɗanda ke wurin, don Allah ku gyara min. Kamar na ji ya ce in dawo gobe, ko ni kaɗai na ji?