Jibo da Baƙar Lakar Tafkin Rawayau

Jibo mutumin Birchi ne, sana'arsa yasar rijiya da tafki. Tun daga Kurfi har Dutsin-Ma, in ruwa ya ja baya shi ake nema. Ya san laka kamar yadda manomi ya san gonarsa. In ya dunƙula ta ya shinshina, sai ya faɗa maka ko ruwa na kusa. Matarsa ɗaya, Kulu, ba su taɓa haihuwa ba.

Shekara guda bayan samun 'yancin kai, damina ta ɗauke da wuri. Wani tsohon tafki a bayan Rawayau ya ƙafe tun kafin a gama sussuka. Audi, wani makiyayi mai shanu kusan arba'in, ya zo har gida.

"Jibo, ka taimake ni. Shanuna sun fara lasar ƙasa."

Kwana shida Jibo yana haƙa a tsakiyar tafkin. Ya wuce jar laka, ya wuce yashi. Ran na bakwai ya tarar da wata baƙa wuluk, mai sanyi, cike da ƙahoni da ƙasusuwan shanu. Warinta bai yi masa ba. Ya tsaya, ya ɗaga kai, ya ga shanun sun kewaye ramin suna kuka. Sai ya ci gaba. Kafin la'asar ruwa ya ɓuɓɓugo, suka sha.

Bayan kwana uku saniyar farko ta faɗi, baƙin jini na fita ta hancinta. Audi ya yanka ta tun da sauran rai, ya raba naman, ya aika wa Jibo cinya. Kulu ta dafa ta ci. Shi bai ci ba, yana can Kurfi cikin wata rijiya. Da ya dawo ya same ta kwance, ciki ya kumbura.

"Malam, wuta ce a cikina," ta ce masa.

Washegari da hantsi aka kai ta makwancinta. A makon nan mutum huɗu suka rasu, shanu goma sha tara suka mutu. Shi kansa Jibo wani baƙin ƙurji ya fito masa a damtse, sai da aka yi ta yi masa allura a Dutsin-Ma.

Malam Dalhatu, malamin dabbobi, ya zo a keke ya ɗebi lakar a kwalba. Da ya dawo ya ce ciwon saifa ne. Shanun da annoba ta kashe tun zamanin kakanni aka zuba a tafkin, ƙwayar cutar kuwa ta kwanta a laka tana jira.

"Abin da ya shekara hamsin a binne, yaya zai rayu?" in ji Jibo.

Malam Dalhatu ya kai shi ofishinsa, ya ɗiga ruwan laka a gilashi, ya ce ya leƙa madubin da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma. Jibo ya ga halittu iri-iri, masu kamar zare, masu kamar ƙwayar gero, wasu na juyi.

"Wanne ne ya kashe Kulu?"

"Wannan lakar rijiyarmu ce, Malam Jibo. Yawancinsu ba sa cutarwa. Kowace laka haka take."

Jibo ya ɗago daga madubin. Shekara talatin yana cusa hannu cikin abin da bai taɓa gani ba.

Bai ƙara shiga rami ba. Ya cike wanda ya haƙa, ya kewaye tafkin da ƙaya, ya kafa bukka a gefe. Duk makiyayin da ya doso, sai ya tare shi da sanda. Baƙi suka ɗauke shi mahaukaci, wasu har da jifa. Audi ya kwashe sauran shanunsa ya yi kudu, ba su sake haɗuwa ba.

Shekara bakwai ya yi a haka, tari ya kashe shi da damina. Rani na zagayowa, masu neman itace suka kwashe ƙayar.