Ban Ce Ma'alish Ba

Akwai gidan burodi a ƙasan benen da nake haya a nan Turai. Duk safiyar da ƙamshinsa ya biyo matakala ya same ni, sai in ga kaina a unguwar Hay el-Sabi' ta birnin Alƙahira, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, rungume da kwandon roba, ina bin bayan Goggo.

Bari in gaya maka ko wace ce. Yayar mahaifina ce, ita ta goya shi. Shekara talatin ta yi tana tuyar ƙosai a bakin tasha a garinmu, har hayaƙi ya ci mata ido. Baba yana karatun digirinsa na uku a Masar, sai ya sa aka kawo ta a yi mata aikin idon. Wata biyu aka ce za ta yi. Ta shekara uku. Larabcinta bai wuce kalma goma ba, amma babu mai kayan miya a layinmu da bai san ta ba, don da Hausa take ciniki, da ƙarfi, kuma a ƙarshe su ne suke gajiya.

Gidanmu yana hawa na huɗu, kuma shi ne masaukin sabbin ɗalibai. Duk wanda ya sauka daga gida, ranar Juma'a sai an kawo shi ya ci tuwon Umma, ya ji hudubar Baba. Har yanzu ina iya jero maka ita. Kada ka kama gida sai ka buɗe famfo ka ga ruwa yana hawa. Ka gai da bawwab, wato maigadin bene, safe da yamma, don ya fi mai gidan sanin abin da ke gudana. Ka yi kwafin fasfo ka riƙa yawo da shi, ainihin kuma ka ɓoye. Kada ka bari iƙamarka, takardar izinin zama, ta ƙare kafin ka nemi sabuntawa, kuma ka je ofishin da sassafe da guzurinka. In za ka tare ƙaramar bas mai zuwa unguwarmu, ɗaga yatsa biyu a ware, direba zai gane. Bargo kuwa a kasuwar Ataba ake sayensa, tun kafin sanyi ya shigo, don sanyin Alƙahira ta tayil ɗin daɓen ɗaki yake bi ya shiga ƙashi.

Duk wannan Goggo ba ta da ja. Magana ta ƙarshe ce take sa ta tsaki daga kicin. Baba yakan rufe da cewa, "Ku baƙi ne. In an zage ku a hanya, ku sunkuyar da kai ku ce ma'alish, ku wuce." Ma'alish ita ce kalmar ban haƙuri, kuma ni na fi kowa iya ta. A makaranta yara suna kira na da sunan cakulan, in yi murmushi. A bas, in Goggo ta ɗaga murya da Hausa, sai in juya ga taga kamar ban san ta ba.

Sai lokacin sanyin da gari ya rikice. Aka rufe makarantu, tankokin soja suka tsaya a manyan tituna, samarin unguwa suka tare hanya da sanduna suna tambayar takardu. Jita-jita ta bazu cewa baƙi ne ke hura wutar, har an miƙa wasu ga sojoji. Ɗalibai tara suka gudo gidanmu, suka shimfiɗa barguna a falo. Shinkafa ta ƙare a kwana na uku. Baba ya ce ba namijin da zai fita, fatarmu kaɗai ta isa ta jawo tambaya.

Da aka idar da sallar asuba, Goggo ta yafa mayafinta ta miƙo mini kwando.

"Tashi, 'yar nan. Ke ce bakina yau."

Gidan gurasar yana bayan masallaci, taga ce ƙarama mai ƙarfe, layin maza daban, na mata daban. Mun tarar da mutum bakwai ko takwas. Kafin rana ta fito layin ya zagaya kwana. Sanyi yana cizon yatsun ƙafata cikin silifa, tururin gurasa yana fitowa ta tagar yana sa cikina kuka. Muka yi ta matsawa har muka kai gaba.

Mai gurasar ya dube mu, ya ɗauke kai, ya miƙa gurasa ta saman kan Goggo ga matar da ke bayanmu. Ya sake miƙa wa ta bayanta. Wata mai baƙar abaya ta ce da ƙarfi 'yan ƙasa ma ba su samu ba, baƙi su koma baya. Goggo ba ta ji kalmomin ba, amma shekara talatin a tasha ta koya mata karanta fuska. Ta karɓi kwandon daga hannuna ta cusa shi a bakin tagar, ya toshe ta gaba ɗaya, ta dafa shi da hannu biyu.

"Gaya masa na riga su zuwa. Gaya masa ina da baki goma sha uku a gida, kuma cikin baƙo ba dutse ba ne. Ba mai karɓa sai na karɓa."

Idanu sun fi ɗari a kaina. Na tuna sojoji, na tuna iƙamar Baba. Na buɗe baki da Larabcina na makaranta, mai laushi, na kira shi kawu, na ce, "Ma'alish, ya ammu, tsohuwa ce, ba ta da lafiya, ka taimaka mana."

Goggo ta juyo a hankali.

"Na ce ma'alish? A ina kika ji ma'alish a bakina?"

"Goggo, za su kira soja."

"Su kira. Ban yi sata ba, layi na bi. In ba za ki faɗi abin da na faɗa ba, koma gida, zan faɗa musu da Hausa."

Na san za ta aikata. Sai na rufe ido na faɗa, kalma bayan kalma, har da dutsen. Muryata tana rawa da farko, amma kafin in kai ƙarshe na ji ta fito da wani kauri da ban san ina da shi ba.

Wurin ya kaure. Mai baƙar abaya ta ja kwandon, Goggo ta riƙe. Mai gurasar ya ce zai rufe tagar kowa ya rasa. Goggo ta ce in gaya masa ya rufe, za ta jira har ya buɗe, ba ta da makaranta yau. Na gaya masa. Can daga layin maza wani dattijo mai rawani ya buga sandarsa a ƙasa ya ce tun duhu ya gan ta a nan, a ba ta haƙƙinta mutane su samu su tafi. Ba don ƙauna aka cika kwandon ba, don a rabu da mu ne. Zagi ya raka mu har kwana. Na so in ruga, Goggo ta kama wuyan rigata.

"Tafi a hankali. Ɓarawo ne yake gudu da abinci."

Da Baba ya ji labari, sai ya ce, "Yaya, da an kama ku fa? Ƙasar mutane ce."

"Na sani, ai ban ce tawa ba ce," in ji ta, tana raba gurasa. "Ka koya musu famfo da fasfo, ka kyauta. Amma ka bar koya wa yarinyar nan ba da haƙuri a kan laifin da ba ta yi ba."

Juma'ar da aka sake kawo sabbin ɗalibai, bayan gari ya lafa, ya yi hudubarsa har zuwa bargo, ya tsaya, ya dubi ƙofar kicin, ya ce a zuba abinci.

Goggo ta koma gida ina shekara goma sha huɗu, ta rasu bayan damina biyu. Yanzu ni ce nake tarbar sabbin zuwa a wannan birni. Ina nuna musu yadda ake sayen katin jirgin ƙasa, da inda ake rajistar adireshi, da takalmin da ya dace da ƙanƙara. Ina gaya musu su buɗe kowace wasiƙa ranar da ta zo. Nan ba mai ture ka a layi. Da murmushi da takarda ake mayar da mutum baya, shi ya sa yake da wuyar ganewa.

Watan jiya na raka wata baiwar Allah mai 'ya'ya uku ofishin gidaje, ina yi mata tafinta. Karo na huɗu ke nan ana ce mata ta dawo. Ta ce in gaya wa jami'ar ɗakinta yana yoyo a kan jaririnta, kuma yau ba ta tashi daga kujerar nan sai an rubuta mata ranar gyara. Na faɗa yadda ta faɗa. Jami'ar ta cire tabarau ta dube ni, ta ce ko dai ni na ƙara gishiri.

Na ce ban ƙara ba, ban kuma rage ba. Sannan na jawo kujera ta biyu na zauna.