Fanka Uku da Faifai Biyu

Har yau ban manta da wata ranar Litinin ba, ta farko a watan Fabrairu, shekara ta bakwai da samun Jihar Taraba, da ƙarfe goma da kwata na safe. Mu uku ne a ɗakin gyaran injinan ofis na ma'aikatarmu: ni Bitrus, Babban Jami'in Gyara, saura wata tara in yi ritaya, Daraktanmu, Alhaji Hammadu, da direbansa Ɗanjuma, wanda ya shigo da kwalaye biyar ya jibge mini a kan tebur kamar doya.

Ku da kuka kama aiki kwanan nan, bari in bayyana muku matsayina. Shekara talatin da huɗu na yi ina gyaran tafireta, kafin a tura ni kos in koyi kwamfuta da furfura a kaina. A duk tsawon wannan lokaci babu injin da ya bar hannuna ya dawo da ciwon da na ce na warkar. A makarantar Mishan an koya mana cewa aikin da aka maimaita abin kunya ne ga mai shi. Ba ni da mota, ba ni da gonar kirki. Wannan suna shi kaɗai na shirya tafiya da shi gida.

"Malam Bitrus," in ji Darakta, "kwamfuta nake so a gida. Ba irin ta ofis ba. Wadda babu irinta a Jalingo."

Wani ɗan'uwansa ne ya sayo kayan daga Ikko, guntu-guntu, sai an haɗa. Manufarsa ita ce rubuta tarihin gidansu. Zai ɗauko baffansa daga garin Mutum Biyu, tsoho na ƙarshe da ya san sunayen kakanninsu, yana faɗa ana bugawa kai tsaye.

Na buɗe kwalayen na duba, sai na ce abu biyu ba su yi mini ba. Na farko, iska. A cikin akwatin kwamfuta akwai ƙwaƙwalwa, ba ta wuce gidan ashana ba, amma in tana aiki za ta iya toya ƙwai. Ana ɗora mata ƙarfe mai haƙora kamar mataji, da 'yar fanka a kai. Fanka ɗaya aka aiko, lissafin ƙasar sanyi. Na ce uku za a sa: ɗaya a kan ƙwaƙwalwar, ɗaya a gaba tana jawo iska, ɗaya a baya tana fitar da ita.

"Fanka uku? Malam, kwamfuta na ce, ba injin niƙa ba."

Na biyu, faifan ajiya, inda duk abin da aka rubuta yake kwana. Guda ɗaya aka sayo, babba, mai giga huɗu, domin na Famanan Sakatare, shugaban ma'aikatarmu, mai giga biyu ne, kuma Darakta ya tabbatar kowa ya ji wannan labari. Na ce a ƙara ƙarami a ƙarƙashinsa, a riƙa kwafe aikin a ciki.

"Kana nufin wannan zai mutu?"

"Ranka ya daɗe, kowane faifai zai mutu. Ranar ce kawai ba a sanarwa."

Ya ce ni tsohon Mishan ne mai taurin kai. Ban musa ba, na dai fara mai da kayan cikin kwalayensu. Kafin in rufe na uku ya yarda.

Ban taɓa aikin a lokacin gwamnati ba. Sai an tashi, ƙarfe uku da rabi, nake zama a kai, kwana tara. Na bar ta a kunne kwana biyu cur, ina kai hannu bayanta ina jin iska. Na kai ta gidansa a unguwar Barade, na girke ta a falon baƙi, taƙi biyu daga bango. Na buga dokoki goma sha biyu na manna a gefenta.

Cikin watan Maris, da zafi ya kankama, sai ga Ɗanjuma da akwati a ka.

"Baba, abin nan ya suma. Oga ya ce in ya yi rabin awa sai ya tsaya cak."

Na kunna ta kwana biyu, ko tari ba ta yi ba. Na mayar. Bayan kwana goma ta dawo. Na sauya wayoyi, na gwada kowace fanka, lafiya lau. Na sake mayarwa. A lokacin labari ya gama zaga ma'aikata. Masinjojin da in sun hango ni suke gyara maɓallin riga, yanzu sai su rusuna su ce, "Malam, yaya mai jiki?" Wani akawu, wanda ni na koya masa riƙon biro, ya tambaye ni ko za a yi karo-karo a kai ta asibiti.

Dawowa ta uku a watan Afrilu ce, kuma Darakta da kansa ya biyo ta. Bai ko amsa gaisuwata ba. Baffan nasa ya rasu mako biyu kafin nan, bayan ya gama ba da tarihin. Na buɗe akwatin a gabansa. Faifan duka biyu sun mutu.

"Sunayen kakannina goma sha ɗaya," in ji shi. "Wanda ya san su yana ƙasa. Kai ka ce faifai biyu. To, ga biyun."

Na sunkuya ina duba fankar baya. Robarta ta lanƙwashe don zafi, kuma a jikin fiffikenta akwai wani zare shuɗi. Ni ban sa zare a cikin kwamfuta ba.

Na juya wajen direba. "Ɗanjuma, har yanzu a falon baƙi take zama?"

"A'a, Baba. Tun tuni an shigar da shi cikin gida, wajen Hajiya. Ita ke bugawa. Ni dai a ƙofa ake miƙo mini shi tsirara."

"Tsirara? Da riga take zama?"

Ya kalli Darakta, ya kalli ƙasa.

Na nemi izinin shiga cikin gida, abin da ban taɓa nema a wurin kowa ba. Darakta ya ce mu tafi. Aka yi sallama, muka shiga ɗakin Hajiya. A kan tebur, inda akwatin yake zama, ga rigarsa a tsaye tana jiran mai ita: karan-miski shuɗi, an yi masa shafi da soso, da zif a baya, da furanni na surfani kalar kujerun ɗakin. Telan ya bar 'yar kafa ɗaya ta maɓallin kunnawa, da wata ta saka fulofi, wato ƙaramin faifan nan da ake cirewa. Ban taɓa ganin ɗinki mai kyau irinsa ba. Ko sauro ba zai sami hanyar shiga ba, balle iska.

"Wa ya ce a lulluɓe ta da wannan bargo?" Na manta a gidan wa nake.

"Kai, Malam."

Sai a lokacin na dubi fuskar Hajiya da kyau. Adama ce, mai buga tafireta mataki na biyu, wadda ta yi shekara shida a ƙarƙashina kafin ta yi aure.

"Ka manta?" in ji ta. "Rana ɗaya tak na tashi ban rufe tafireta ba. Ka ba ni takardar tuhuma. Ka sa na buga sau hamsin: Ba zan ƙara barin inji a buɗe ba. Tun daga ranar ko keken ɗinkina bai kwana a buɗe ba."

"Tafireta ba ta numfashi! Wannan tana numfashi!"

"Ka rubuta haka a dokokinka?"

Ta miƙo mini takardata. Na karanta dukan goma sha biyun a tsaye, Darakta yana kallona. Babu. Doka ta huɗu ma cewa ta yi a kiyaye ta daga ƙura ta kowane hali, har na ja layi a ƙarƙashin "kowane hali".

Darakta ya zauna a bakin kujera ya dafe kai. "Ku ƙarasa gardamarku. Littafin dai ya tafi."

"Wane littafi ya tafi?" in ji Hajiya. Ta shiga ƙurya ta fito da gwangwanin biskit. A ciki fulofi ne ashirin da uku, kowanne da lamba da kwanan wata, da rubutun hannun da na sani. "Kowace takarda kwafi biyu, ɗaya a ajiye nesa da ɗaya. Wannan ma koyarwar Malam ce. Kullum in baffa ya tashi sai na kwafe kafin in kashe."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ai ba ka tambaye ni ba, Alhaji. Ihu ka yi ka fita."

Ɗanjuma, da ke tsaye a bakin ƙofa, tari ya kama shi, irin tarin da na san dariya ce.

Ga abin da na koya, ku ma ku riƙe. Faifai biyu a akwati ɗaya zafi ɗaya suke sha, rana ɗaya suke mutuwa. Kwafin da bai bar akwatin ba, ba kwafi ba ne. Kuma in kun kafa wa mutanenmu doka, ku faɗa musu dalilinta. In ba ku faɗa ba, masu biyayya a cikinsu za su bi ta har inda ba ku aike su ba, kuma ba su za a tuhuma ba.

An sayo sabon faifai, na sauya fankar baya, na ƙara doka ta goma sha uku. Littafin ya fito da sunaye goma sha ɗaya cif. A littafin aikina, inji ɗaya ne ya dawo sau uku, kuma a gurbin "sanadi" na rubuta sunana. Na yi ritaya a watan Nuwamba. Rigar karan-miskin tana gidana a unguwar Kachalla Sembe, a jikin tsohuwar tafiretata.