Kwamfutar Ya Kaltum

Duk wanda ya taɓa buga katin biki a unguwar Gomari da ke Maiduguri ya san gidan Ya Kaltum. Shekara talatin ta yi tana dukan tafireta a ofishin gwamnati, da ta yi ritaya kuma ta ce ita ba za ta zauna tana ƙirga jiragen da ke sauka a bayan unguwa ba. Ta kafa tebur a falo, tana buga wa mutane katin aure da na suna da takardun ɗalibai. Mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Ya ɗaya Allah ya bar mata, Rahmat, wadda ta haɗa mata kwamfutar da hannunta tun tana jami'a.

Rahmat ta samu aiki a Legas, shekara huɗu ke nan ba ta taka Maiduguri ba. Ba faɗa suka yi ba. Yau aiki, gobe "sai bayan Sallah, Mama". Kewarta na cin Ya Kaltum har abinci ya daina yi mata daɗi, amma ita ba macen da za ta buɗe baki ta ce wa 'yarta ki zo ba ce. Sai dai ta kai ƙarar kwamfuta.

Kwamfutar kuwa ta tsufa da gaske. Sai ka kunna ta ka je ka ɗora shayi, ka dawo ka tarar tana nan tana nishi. Jin haka Rahmat ta fara aiko kayan gyara ta hannun direbobi: sabuwar ma'ajiyar bayanai wadda ba ta fi tafin hannu ba, sai madabod, babban allon da ake ɗaura sauran kayan a kansa, da furosesa, ƙwaƙwalwar na'ura, sai ram, wani ɗan siririn allo mai ƙara wa na'ura sauri. Kowanne ya iso, Ya Kaltum ta cusa shi a akwati ƙarƙashin laffayoyinta.

"Mama, an saka?"

"Wa zai saka? Duk garin nan babu wanda ya iya."

Ƙarya ce tsagwaronta, masu gyara a Maiduguri sun fi a ƙirga. Lissafinta shi ne, in kaya suka taru, dole mai su ta biyo bayansu.

Maimakon haka sai Rahmat ta turo Malam Pindar, dattijon da ya koya mata gyara. Ya zo da safiyar Asabar, ya buɗe kwalin farko, turaren wuta ya buge shi har ya yi atishawa.

"Ya Kaltum, tun da nake wannan aiki yau na fara ganin madabod mai ƙamshin amarya."

Ba ta yi dariya ba. Ta jawo kujera ta zuba masa ido yana kwance tsohon allon, yana ɗaura sabo, yana kwashe ayyukanta zuwa sabuwar ma'ajiyar. Ta ga yadda ya danna ram ɗin a raminsa, 'yan maƙalai biyu suka kama shi ta gefe da gefe. Da ya kunna, kafin ta gama gyara ɗankwali har kwamfutar ta tashi. Ta yi masa godiya, ta ba shi abinci, ta raka shi ƙofa, zuciyarta babu daɗi ko kaɗan.

Kwana uku na'ura na gudu. Wayar Rahmat ma ta gajarce, don babu sauran abin kai ƙara: an tashi lafiya, ya aiki, sai an jima. Rana ta huɗu bayan azahar Ya Kaltum ta zare wayar wuta, ta ɗauko sukundireba, ta buɗe murfi, ta danna maƙalan nan biyu ta zare ram ɗin. Ta mayar da wuta, sannan ta kira Legas.

"Ta sake mutuwa. Kuka kawai take, allo baƙi ƙirin."

"Buɗe ta, Mama. Juyo kyamarar wayar in ga cikinta."

Ta juya kyamarar. Ga rami nan fayau, maƙalai a buɗe.

"Mama, ram ba ya fita da kansa."

Ram ɗin na cikin tafin hannun Ya Kaltum, ta damƙe shi har yana sukarta, kunya ta rufe ta. Sai Rahmat ta sake magana.

"Kar ki kira Malam Pindar. Ki adana mini shi. Ni zan zo in mayar."

Washegari wani mutum ya kawo katin sunan ɗansa. Ya Kaltum ta ba shi haƙuri, ta ce na'ura ta tsaya, sai mai gyaranta ta zo daga Legas. Ya tambaye ta wace rana zai dawo. Ta ce masa ita ma tsoro ya hana ta tambayar mai gyaran ranar da za ta zo.